Kundin aiki: shafin atamfa da shadda na shagon Kawu

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na fara. Kawu ya ba ni wa'adi zuwa kafin azumi, don masu ɗinkin Sallah ba sa jiran wata ya kama. Tela mai hankali tun tsakiyar azumi yake daina karɓar aiki, wanda bai sayi yadinsa ba kafin nan sai dai ya goge tsohon kaya. Lissafi ya nuna farkon Maris za a ɗauki azumi, ke nan mako bakwai da 'yan kwanaki gare ni.

Abin da ke ƙasa: shago ɗaya a Kantin Kwari, atamfa da shadda da leshi, yaran shago biyu, sai lambar WhatsApp guda wadda ba ta hutawa. Bara wani ya buɗe wa Kawu kantin intanet a kan WooCommerce, manhajar buɗe kanti a intanet, ya zuba hotuna, ya karɓi kuɗinsa, ya yi gaba. Tun daga ranar ko ƙyalle ba a sayar ta can ba. Na buɗe shafin wata atamfa a wayata: hoto ɗaya, tana ninke a cikin leda, hasken ƙwai ya dalle ledar. Sunanta wata lamba ce da aka kwafo daga jikin dila. Farashi babu, sai "a tuntuɓe mu".

Ban taɓa komai ba. Na ce gobe a shago zan wuni.

"Aikin kwamfuta aka sa ka ko zaman shago?" in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, ku bar ni in ji abin da masu saye suke tambaya tukuna."

Laraba, 8 ga Janairu

Wuni biyu a kan benci ina kallo. Wata Hajiya ta shigo neman atamfar anko. Ba farashi ta fara tambaya ba. Ta sa aka sauko mata da turmi, ta warware shi, ta murza bakinsa tsakanin babban yatsa da manuni, ta juya bayan zanen ta ga ko rinin ya ratsa har can, sannan ta fita da shi bakin ƙofa ta ɗaga a rana. Sai da ta gama duk wannan ta ce, "Tana zuba?" Bayan haka, "Shida ce cif?" Kuɗi shi ne na ƙarshe.

Da daddare na karɓi wayar shago na bi saƙonnin wata guda. Tambayoyin ba su da yawa, maimaici ne ya yi musu yawa: nawa ne, akwai wata kalar, yadi nawa, nawa ne kuɗin mota zuwa Kaduna ko Jos. Akwai ɗaya kuma da ke zuwa cikin ladabi amma ta fi duka nauyi: "Wannan ɗin da ke hoton za a turo min?"

Na rubuta su a takarda na manna a bango. Duk abin da zan sa a shafi, in bai amsa ɗaya daga cikinsu ba, ya jira a waje.

Asabar, 11 ga Janairu

Ranar hoto, kuma na sha wuya.

Da farko a cikin shago na ɗauka. Farin ƙwan da ke sama ya mai da wata shadda ruwan madara ta koma kamar ruwan omo. Na fita da ita tsakiyar rana, sai maiƙonta ya mayar da hasken, zanen saƙar ya ɓace, ta zama kamar farin kwano. Inda aka dace shi ne inuwar baranda wajen ƙarfe tara na safe. Hazon bana ma ya taimaka, don ya tace ranar, haske ya yi laushi, sai dai kowane minti biyar sai an kaɗe ƙura daga kan kaya.

Kyamarar waya tana da karambani: ita take yanke hukuncin mene ne fari a cikin hoto, ta gyara sauran launuka a kan haka. In atamfa ja ce ta cika allon, sai ta ga jan ya yi yawa ta rage shi. Maganin da na samu shi ne in ajiye farar takarda a gefen kaya, in kulle hasken a kanta, in ɗauka, daga baya in yanke takardar.

Na tsayar da hoto biyar ga kowane kaya, kuma daga hannun Hajiyar nan ta ranar Laraba na kwaikwayo su. Na farko turmin a warware, a ga yadda zanen yake maimaita kansa. Na biyu kusa-kusa har a ga zare. Na uku bayan zanen. Na huɗu bakin atamfar inda sunan kamfani da lamba suke. Na biyar an yafa ta a kafaɗar ƙaramin yaron shago, domin girman fure ba ya ganuwa sai an ga mutum kusa da shi. Furen da kake zaton bai fi tafin hannu ba sai ka tarar ya kai faranti. Ita shadda na ƙara mata bidiyo na daƙiƙa shida, hannu yana murza ta yana juyawa, saboda sheƙi abu ne mai motsi, hoto a tsaye ba ya kama shi.

Kaya goma sha biyu kawai muka gama. Akwai sama da ɗari a shagon. Na ce wa Kawu gara mu fita da arba'in masu kyau mu bar sauran a WhatsApp.

Talata, 14 ga Janairu

Na ɗora hotunan yadda suka fito daga waya, kowanne ya haura megabait 4. Shafi ɗaya ke nan megabait 20 da wani abu, na mutumin da ya sayi data ta kwana ɗaya yana lallaɓa ta. A wayar yaron shago, cikin layin da sabis ba ya shiga sosai, na ƙirga har ashirin hoton farko bai gama sauka ba.

Na rage faɗinsu zuwa fiksel 1,200, na juya su zuwa WebP, tsarin hoton da Google ya fitar a 2010, wanda WordPress, manhajar da WooCommerce ke zaune a kanta, ya fara karɓa kai tsaye a 2021. Yawancinsu sun dawo ƙasa da kilobait 200, ido kuma bai ga bambanci ba, ban da hoton kusa na shadda. Shi da na matse shi da yawa sai wasu igiyoyi suka fito a kan saƙar kamar ruwa yana kaɗawa, dole na bar shi da ɗan nauyinsa.

Ma'aunin da nake bi na Google ne: abu mafi girma a allon farko ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewar shafi, ya ce ban kai ba, na yi ta neman dalili har la'asar. Ashe ni ne na sa duk hotuna su jira sai an gangaro kansu kafin su sauka, har da na farko, wanda shi ne ya kamata ya riga kowa. Layi ɗaya na cire.

Talata, 21 ga Janairu

Suna da kala. Babu mai neman atamfa da lambar dila, don haka kowane kaya yanzu sunansa yana ɗauke da iri, da kala, da awo: "Atamfa, ruwan goro da baƙi, turmi, yadi 6". Kalolin da sunan kasuwa na rubuta su: ruwan hoda, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma, makuba, sararin samaniya. Turanci yana ƙasa da ƙananan baƙaƙe saboda masu saye daga Legas da Fatakwal.

Na ƙara layin "inda aka yi ta", kuma nan ne ake bukatar tsoron Allah. A baki, kusan duk shadda mai maiƙo gezna ce, alhali Getzner kamfani ne guda a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya. Haka "Holan": Vlisco ce, kamfanin da ke garin Helmond na ƙasar Holan tun 1846. Wanda ke tsaye a shago yana iya taɓawa ya bambance, ko yaro ya ce masa "wannan ta biyu ce". Wanda ke Gombe da waya a hannu ba shi da kowa sai rubutuna. Mun yarda da Kawu ba za a rubuta waɗannan sunaye ba sai a kan kayan kamfanin na ainihi. Saura a faɗi ƙasar da suka fito, a bar su su ci da kyansu.

Wata ƙaramar fitina: salon rubutun da ke shafin ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai waya ta aro su daga wani salon, kalma ta fito da harafi ɗaya a karkace kamar haƙorin da aka dasa. Na koma Noto Sans. Sannan na gyara akwatin nema, don wanda ya rubuta "baki" ya samu "baƙi". Mutum nawa ne ke da lanƙwasassun baƙaƙe a wayarsa?

Litinin, 27 ga Janairu

Yau aka yi ta a kan farashi.

"Ka rubuta kuɗin kayana a fili, maƙwabcina ya gani ya rage ɗari biyar ya kwashe min mutane?"

"Kawu, maƙwabcinku ya riga ya san farashinku. Yaronsa a nan yake shan shayi."

Ya yi dariya amma bai sauko ba. Hujjarsa ta biyu ta fi ƙarfi: kaya suna bin dala, abin da aka sara yau ba shi za a sara jibi ba. Ta uku kuwa ita ce ta zuciyarsa. Ciniki a wajensa magana ce: a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a yi wa juna addu'a. Farashi a rubuce, in ji shi, kamar ka rufe wa baƙo ƙofa ne.

Na nuna masa wayar shago. Saƙo bayan saƙo, "nawa?", an ba da amsa bayan awa uku, mai tambaya bai sake cewa uffan ba. Na ce wanda yake kwance da daddare yana duba kaya ba zai yi cinikin biri a sama ba. In bai ga kuɗi ba zai ɗauka abin ya fi ƙarfinsa, ko kuma ya zaci sai an kalli hotonsa na WhatsApp za a yanka masa farashi. Kunya ma tana hana wasu tambaya.

Inda muka tsaya: farashin ɗai-ɗai a rubuce, da manyan lambobi, daf da sunan kaya. Sari da anko, daga turmi goma zuwa sama, a yi magana. Duk ranar Litinin babban yaron shago zai turo min abin da ya canza in gyara a tebur ɗaya. Kawu ya ce a gwada zuwa Sallah, in an yi asara daga kuɗin aikina za a cire. Ina jin wasa yake.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Kwana uku babu wuta a unguwarmu. Sabuwar dila ta iso, an ɗauki hoton kaya tara. Shi ke nan.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Gwaji da mutane. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya rubuta tun shekarar 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin shafi, don haka biyar na nema: Inna, ƙanwata, telan layinmu, ƙaramin yaron shago, da wani abokin Kawu mai sayar da hula. Kowa da wayarsa. Na ce, "Ga shi, a sayo min atamfa ruwan hoda a kai Zariya," na kama bakina. Kama bakin nan ya fi komai wuya.

Inna ba ta san akwai sauran hotuna ba. 'Yan ɗigogin da ke ƙarƙashin hoton farko ba su ce mata komai ba. Da ta iso madannin da na rubuta wa "Saka a kwando" sai ta ɗago ta dube ni.

"Wane kwando kuma?"

Na mai da shi "Zan saya". Ɗigogin na maye gurbinsu da ƙananan hotuna a jere.

Tela, kamar yadda na zata, yatsa biyu ya sa zai buɗa hoton ya ga zare, hoton ya ƙi buɗuwa. Ya ce, "Malam, abin da ba a so in gani ne a ciki?" An gyara. Mai hula babban yatsansa ya riƙa danna kalar da ke kusa da wadda yake so. Na ƙara girman kowane madanni ya kai fiksel 48, yadda Google ke ba masu gina manhajar Android shawara, na kuma buɗa tsakaninsu. Da aka zo wajen imel ya ajiye wayar, ya ce yaronsa ne ya buɗe masa, bai san shi da ka ba. Yanzu lambar waya ce dole; imel sai ga mai biya da kati.

Ƙanwata ta gama cikin minti biyu, ta ce shafin ya yi fari da yawa. Ban kula ta ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Kuɗin aikawa. Cibiyar Baymard ta ƙasar Denmak, wadda aikinta ke nan nazarin kantunan intanet, ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ɗaukar kaya suna watsar da su kafin biya, kuma babban abin da ke korar masu niyyar saye shi ne ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe. Ban yi mamaki ba. Ko a tasha, direban da ya ce maka kuɗin kaya daban bayan ka zauna, rigima ce.

Na sa ɗan akwati a ƙarƙashin farashi: zaɓi jiharka, ka ga kuɗin mota da kwanakin da zai ɗauka, tun ba ka danna komai ba. Wajen adireshi na ƙara layin "kwatance", don "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure" ya fi lambar gida kai kaya. Akwai kuma zaɓin karɓa a tasha, wanda nake zaton shi zai fi kasuwa.

Biya ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, kati ko transfa. Suna cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100, kuma ba ya wuce naira 2,000 komai yawan kuɗin. Kawu ya lissafa da ka, ya ce ya fi la'adar dillali sauƙi.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Mun buɗe da kaya 43.

Na daina yaudarar kaina cewa kowa zai biya a shafi. Mutanenmu suna son su ji muryar mai kaya. Don haka a ƙarƙashin "Zan saya" akwai madanni na biyu, "Yi magana da shago", mai buɗe WhatsApp da saƙo a rubuce: sallama, sunan kayan, lambarsa, kalar da aka zaɓa. Da, sai a turo hoton allo a ce "wannan", yaro ya yi ta laluben wace ce a cikin ja guda bakwai.

Na kuma gyara abin da ke fitowa in an tura adireshin shafi a WhatsApp. Alamomin Open Graph ne ke yin wannan, waɗanda Facebook ya kawo a 2010. Yanzu hoton atamfar da sunanta suke bayyana, maimakon tambarin shago. Ƙungiyoyin biki ta nan suke zaɓen anko, wannan ɗan hoton shi ne tallarmu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na tafka kuskure. Wani Alhaji daga Abuja ya sayi shadda, ya bar adadi a kan 1, ya biya, yana murna ya samu araha. Farashin yadi ɗaya ne. Na rubuta "kowane yadi", amma da ƙananan baƙaƙe masu ruwan toka waɗanda ni kaina sai na matso nake gani. Da yaro ya kira shi ya tambaya ko hula zai ɗinka da yadi ɗayan, abin bai yi daɗi ba. Kawu ne ya karɓi wayar ya ba shi haƙuri, aka mayar masa da kuɗinsa a take.

Kawu bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, wa ka taɓa gani ya shigo nan ya ce a ba shi shadda ɗaya?"

Na cire akwatin adadi daga kan shadda gaba ɗaya. Yanzu zaɓi ne: yadi 5, kaftani da wando, yadi 10, har da babbar riga, ko "wani awon", a rubuta. Kowane zaɓi da jimillar kuɗinsa a jikinsa. Waɗanda ake aunawa da mita na rubuta mita ɓaro-ɓaro, tunda yadi santimita 91.44 ne, bai kai mita ba, kuma a kan awo goma bambancin ya kusa yadi guda.

Lahadi, 2 ga Maris

Jiya aka ɗauki azumi. Oda ta ƙaru, yawanci tsakanin bayan tarawihi da sahur.

Wani abokina mai irin wannan aiki ya ba ni shawarar in sa agogo mai ƙirga lokaci, "ragi zai ƙare nan da awa biyu", da "saura 2 kacal", in kuma rubuta yabon kwastomomi da kaina kafin na gaske su zo. Ya ce kowa haka yake yi. Na san a Amurka hukumar kula da kasuwanci ta haramta yabon bogi da doka tun 2024, amma ba wannan na kai wa Kawu ba, tambayarsa kawai na yi. Ya tuna min hadisin mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama, ya ce da bakin azumi ba za a yi wannan a shagonsa ba, bayan azumi ma haka.

"Saura 2" yana nan, amma sai in da gaske biyu suka rage a kan kanta. Yabo kuwa, bayan kaya sun isa muna tambayar mai saye ko ya yarda a sa maganarsa, ba suna, sai gari. Huɗu muke da su. Ɗaya ta ce kaya sun yi kyau amma sun yi kwana biyar a hanya. Na bar ta yadda take.

Asabar, 15 ga Maris

Abin da nake tsoro ya faru. Wata baiwar Allah a Bauchi ta ce makubar da aka kai mata ba ita ta gani ba, tata ta fi haske. Na buɗe hoton a waya uku na jera su kusa da turmin: kala uku na gani, ta huɗu a hannuna. Wasu allunan suna ƙara wa launi kauri, wasu kuma masu su sun kunna abin rage hasken dare, komai ya koma ruwan ƙwai. Wannan ya fi ƙarfin kyamarata.

Abin da zan iya na yi. Kaloli masu rikici, makuba da ruwan goro da shuɗi mai duhu, na ƙara musu kwatance da baki: "ta fi jan kilishi duhu", "kamar goron da aka tauna". Na sa layi cewa duk mai shakka ya nemi bidiyo a hasken rana kafin a yanka. Sharaɗin mayarwa kuma na ɗauko shi daga can ƙasan shafi na kawo shi kusa da farashi, jimla biyu: turmin da ba a yanka ba ana canza shi cikin kwana bakwai, yadin da aka yanka ba ya dawowa sai in aibi ne daga wajenmu. An canza wa ta Bauchi, Kawu ya biya kuɗin mota ɗaya, ita ta biya ɗaya.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi, yau na leƙa shago. Kawu bai cire komai daga kuɗina ba, bai kuma ce a cire farashi daga shafi ba.

Mafi yawan ciniki har yanzu a WhatsApp yake ƙarewa. Abin da ya canza shi ne tsawon maganar: babban yaro ya ce da sai an yi saƙo ashirin kafin a ga alat, yanzu mutum yana zuwa da lambar kaya da jiharsa, abin da ya rage "akwai?" da "turo lambar asusu". Tayi bai mutu ba, ana yi, Kawu kuma yana jin daɗinsa.

Matsalar da ban magance ba ita ce kaya su ƙare a shago shafi bai sani ba. Sau uku a goman ƙarshe aka biya kuɗin atamfar da wani ya riga ya ɗauka da hannu. Yaran ba za su buɗe kwamfuta ana tsakiyar ciniki ba, ban kuma ga laifinsu ba. Na sayo littafi mai layi na rataye kusa da almakashi: duk turmin da ya fita a rubuta lambarsa, da magariba a ɗauki hoton shafin littafin a turo min.

Leshi ko ɗaya ba mu ɗora ba tukuna. Ramukansa suna nuna duk abin da ke bayansa, a kan farin ƙyalle ya ɓace, a kan baƙi ya canza kala. Ranar Asabar tela zai kawo min ƙyallen shafin riga kala uku mu gwada a baranda, ƙarfe tara.